Amsoshin Wasiƙunku: Shin Ƙasa Tana Cin Riba In Ta Zauna Cikin Tarayya?

 Wasiƙar da muka zaɓa a wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, mazaunin Fagge a birnin Kano. Bayan gaisuwa, Alhaji ya ce tun da Jamhuriyar Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS ake ta musu a rumfarsu, wasu na cewa ta huta, wasu na cewa ta jawo wa kanta. Har akwai samarin da ke cewa mu ma nan Arewa da za a raba Nijeriya da mun huta. Shi ne yake tambaya, shin ƙasa tana cin riba in ta zauna cikin tarayya da wasu, ko kuwa gara kowa ya kama gabansa? Kuma wai da gaske ne an taɓa gwabzawa tsakanin Fagge da Sabon Gari a kan wannan magana?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya ne an gwabza, a shekarar 1953. Kuma sau biyu Arewa tana kaiwa bakin ƙofar fita daga Nijeriya, a 1953 da 1966, tana juyowa. Abin da ya juyo da ita shi ne amsar tambayarka, saboda haka bari mu ɗauko labarin daga tushe.

Yadda aka haɗa mu

Ran 1 ga Janairu 1914 ne Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu suka zama ƙasa ɗaya. Ba a yi shawara da sarki ko talaka ba, a can ko a nan. Dalilin Turawa kuwa na aljihu ne. Haraji da jangalin da ake tarawa a Arewa ba sa isar gwamnati, sai an ciko daga baitulmalin Ingila, ita kuwa Kudu tana da bakin teku inda ake karɓar kuɗin fito na duk kayan da suka shigo. Sai suka ga in an haɗa asusun biyu, Ingila ta huta.

Amma tun kafin a sa hannu a takarda akwai abin da ya riga ya ɗaure mu, wato jirgin ƙasa. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Kafin nan fuskar kasuwar Kano tana kallon Sahara ne, ayarin raƙuma na zuwa Agadas, har su dangana da Tarabulus, tafiyar watanni. Da jirgi ya zo sai fuskar ta juya ta kalli Ikko, tafiyar mil 700 ko kusa da haka. Daga 1912 manoma suka rungumi gyada, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, kamfanonin Turawa suka kafa sikeli.

Unguwannin nan biyu da ka ambata, Alhaji, ai a kan wannan ciniki suka tsaya. Fagge ta girmi zuwan Turawa, zango ce a bayan ganuwa inda Buzaye da sauran fatake ke sauke raƙumansu, daga baya ta cika da 'yan kasuwa da 'yan ƙodago daga garuruwan Arewa. Sabon Gari kuwa wajen 1913 aka yanka ta domin baƙi, akawuna da ma'aikatan reluwe da makanikai da masu kanti daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Unguwa biyu kafaɗa da kafaɗa, harshe daban, yawanci addini daban, amma buhun gyada ɗaya ke ciyar da su.

Rikicin 1953

Ƙorafi ya fara fitowa fili a taron tsarin mulki na Badun a 1950. A can ne Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagoggo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a mayar da ita yadda take kafin 1914. Aka ba ta: kujeru 68 cikin 136.

Ran 31 ga Maris 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo batu a majalisar Ikko cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, jagoran NPC, ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Dalilinsa shi ne a lokacin 'yan bokon Arewa 'yan kaɗan ne ƙwarai, in Bature ya tafi a 1956, ofis-ofis duk mutanen Kudu ne za su gaje su. Ba duk 'yan Arewa ke tare da shi ba, domin 'yan NEPU na Malam Aminu Kano suna ganin jinkirin sarakuna da En'e zai amfana. Amma abin da ya ɓata rai shi ne ihu da zagin da aka bi wakilan Arewa da su a titunan Ikko, har a tashoshin jirgi a kan hanyarsu ta dawowa.

Ana cikin wannan ɗacin rai sai Action Group ta turo ayari Arewa a ƙarƙashin Samuel Akintola don yaɗa batun 1956. Aka shirya taro a otal ɗin Colonial da ke Sabon Gari ran Asabar 16 ga Mayu. Hukuma ta janye izinin taron, amma ina, jama'a sun riga sun taru, aka fara jifa. Kwana huɗu ana yi, daga 16 zuwa 19 ga wata, yawancin faɗan a kan iyakar Fagge da Sabon Gari, da adduna da kibau da bindigogi, ana fasa kantuna ana ƙona gidaje. Sai da aka kawo soja aka kafa dokar ta-ɓaci sannan wutar ta mutu. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka yi rauni. Abin takaici, Alhaji, jam'iyyar da ta kawo taron ta Yarabawa ce, amma yawancin faɗan tsakanin 'yan Arewa da Ibo aka yi shi, maƙwabtan da jiya suke ciniki da juna. Wannan ya faru ne a shekarar ƙarshe ta Sarkin Kano Abdullahi Bayero.

Abin da ya hana fita

A wannan lokaci maganar ɓallewa ta yi ƙarfi a Arewa. Sardauna da kansa ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962 cewa abin ya ba su sha'awa, amma abu biyu suka tsaya musu. Na farko, kaso mafi tsoka na kuɗin shigar Nijeriya kuɗin fito ne da ake karɓa a bakin teku, in Arewa ta ware ba ta da ko anini a ciki. Na biyu, ta ina gyada da auduga da fata za su bi su kai jirgin ruwa, kuma wa zai lamunce cewa za a bar su su wuce?

Kai da kake kasuwa ka fi kowa gane wannan. Dalar gyadar nan da ake nunawa a hoto ana alfahari, ai tana nuna yawan noma, tana kuma nuna cewa jirgin ƙasa ya kasa kwashewa da wuri, buhuna na jiran tarago. In jinkirin tarago kaɗai ya tara dala, to ina ga an rufe layin ɗungurungum? Manomin Ɓichi ko na Gumel ba zai cinye gyadarsa shi kaɗai ba, kuma raƙumi ba zai ɗauki abin da jirgi ke ɗauka ba.

Saboda haka shugabannin Arewa ba su ce a raba ba, sai suka kawo sharuɗɗa. A cikin watan Mayun nan majalisun Kaduna suka amince da wani shiri mai manufofi takwas. A taƙaice, kowace jiha ta riƙe mulkinta, a soke majalisar tsakiya, a bar wata 'yar hukuma ta kula da tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan, a kuma bar reluwe da tashoshin ruwa a hannun hukumomi na kowa da kowa. Ka lura fa, ko a tsakiyar fushi ba su yarda sun saki dogo da teku ba.

Da wannan takarda aka tafi taron London a watan Yuli da Agusta 1953, a gaban Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton, aka ƙarasa a Ikko farkon 1954. Arewa ta sassauta, Kudu ma ta sassauta. Aka fito da tsarin tarayya na 1954: jihohi uku kowace da Firimiyarta da ma'aikatanta da hukumar sayen amfanin gonarta. Aka cire Ikko daga Jihar Yamma aka mai da ita ta tarayya, abin da Arewa ta dage a kai domin nan ce ƙofarta, ko da yake Cif Awolowo bai so ba. Aka kuma bar kowace jiha ta karɓi mulkin kai lokacin da ta shirya. Gabas da Yamma suka karɓa a 1957, Arewa ran 15 ga Maris 1959. Ran 1 ga Oktoba 1960 aka sami 'yancin kai, ɗan Arewa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Ka ga ashe kusan duk abin da Arewa ke tsoro a 1953 ta sami maganinsa a teburin shawara, ba tare da ta rasa hanyar teku ba.

A raba, 1966

Karo na biyu ya fi muni. Ran 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshi, yawancinsu Ibo, suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da manyan sojojin Arewa. Janar Ironsi ya hau mulki, ran 24 ga Mayu ya kafa Doka ta 34, wadda ta soke jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Wato yarjejeniyar 1954 aka tsinke. Daga ran 29 ga Mayu tarzoma ta ɓarke a Kano da Zariya da Kaduna da wasu garuruwa, kalmar da ke bakin mutane ita ce "a raba".

Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka kashe Ironsi. Da yawa daga cikinsu, har da Murtala Muhammed ɗan Kano, niyyarsu su kwashe iyalansu su dawo gida a raba ƙasar. Manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suka yi ta lallashi a barikin Ikeja, kuma cikin hujjojin da aka kawo akwai dai tsohuwar maganar nan, wato teku da kuɗin shiga, ga kuma man fetur da aka fara fitarwa tun 1958. Ran 1 ga Agusta Yakubu Gowon ya karɓi ragamar ƙasa ɗaya. A taron tsarin mulki na watan Satumba wakilan Arewa sun fara da neman kowane yanki ya sami ikon ficewa in ya so, ba a daɗe ba suka janye suka nemi tarayya mai ƙarfi da ƙarin jihohi, abin da ƙananan ƙabilun Arewa suka daɗe suna nema.

Dole kuma mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoba 1966 an kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A Kano, ran 1 ga Oktoba, kisan ya shafi filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Waɗanda suka tsira suka gudu, unguwar ta zama kango. Wannan ne ya sa wasu suka ce su ma a raba, sai dai a wannan karo daga Gabas. Gowon ya yanka jihohi 12 ran 27 ga Mayu 1967, ciki har da Jihar Kano, Ojukwu ya yi shelar Biyafara ran 30 ga wata, yaƙin basasa ya ci daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Rayukan da suka salwanta, wasu masu ƙiyasi sun ce sun haura miliyan, yawancinsu yunwa ce ta kashe su. Bayan yaƙi Ibo suka dawo Sabon Gari suka sake buɗe kantuna, domin su ma kasuwarsu tana nan, kamar yadda tamu take can.

Riba da hasara

To me Arewa ta samu da ta zauna? Dubi abin da ya biyo baya. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi, a 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta gama da gyada, dalar Kano ta ɓace. Da a ce Arewa ita kaɗai ce, dogaronta gyada da auduga, da wannan bugun ya kai ta ƙasa. Amma daidai lokacin ne kuɗin mai ya fara kwarara, kuma kason jihohi ya riƙa zuwa daga asusun tarayya. A wannan zamani ne Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda har yau manoman rani na Kadawa da Kura ke cin moriyarta. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta. A da gyadarmu ta taimaka wajen riƙe ƙasa, da ta faɗi sai man wasu ya riƙe mu. Babbar ribar tarayya ke nan, damina ba ta ɓaci wa kowa a shekara ɗaya.

Hasara ma akwai, kada mu ɓoye. Kuɗin mai ya koya wa gwamnatoci zaman jiran kaso, aka yi watsi da gona, masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe, dogon nan da aka ƙi rabuwa dominsa aka bar shi ya lalace shekara da shekaru. Sai dai a nan mu tambayi kanmu, laifin zaman tare ne ko na masu riƙon amana? Ko a zamanin gyada, daga 1954 hukumar da ke yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya ta Jihar Arewa ce, a Kaduna gwamnatinta take. Wanda ya ci kason ƙauyenku a cikin tarayya, in an raba ma shi ne dai zai riƙe asusun.

An ma ɗan ɗanɗana rabuwar a ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, lokacin da dillalan abinci da shanu suka tsayar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Tumatir da albasa suka yi tsada a Ikko, gaskiya ne. Amma a nan gida farashi ya faɗi warwas, kwanduna suka ruɓe a hannun manoma.

Nijar da sauran ƙasashe

Yanzu mu dawo kan Nijar. An kafa ECOWAS a Ikko ran 28 ga Mayu 1975, da ƙoƙarin Gowon da Eyadema na Togo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Shugaba Bazoum, ƙungiyar ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi har da barazanar yaƙi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki. Motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, 'yan kasuwar Dawanau da na Maraɗi duk suka ji a jikinsu. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma tun ran 28 ga Janairu Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ce sun fita, fitar kuma ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Ƙorafinsu ba na banza ba ne, wanda ɗan'uwansa ya yanke masa wuta da magani dole ya yi fushi.

Amma duba da kyau. Ƙasashen uku babu mai teku. A 2024, da iyakar Nijar da Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da ke bin Kwatano suka koma bin Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari, mai saye a kasuwa kuwa shi ke biyan bambancin. Sa'an nan da suka fita ba zaman kaɗaici suka yi ba, wata tarayyar suka kafa ta su uku, wato AES, kuma a lokacin fitar ba su bar kuɗin sefa ba. Ita ma ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu da kayansu suna wucewa kafin a daidaita. Wato kowa ya san an fita daga ɗakin taro, amma ba a ƙaura daga unguwa ba. Ko fitar za ta yi musu riba, shekaru ne za su nuna.

Mali ta taɓa ganin irin wannan. Da tarayyarta da Senegal ta watse a 1960, jirgin Dakar zuwa Bamako ya tsaya har 1963, kaya suka koma zagayawa ta Abijan a mota. Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da yawancin rijiyoyin mai, amma bututun ta Sudan yake bi, a 2012 rigimar kuɗin wucewa ta sa ta rufe haƙar man gaba ɗaya. Akwai kuma wadda rabuwa ta karɓa, Singafo, da ta rabu da Malesiya a 1965 ta zama hamshaƙiya. Sai dai ita tashar jiragen ruwa ce da kanta, a bakin ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ruwa na duniya.

Amsa a taƙaice

Saboda haka Alhaji, in musun ya sake tashi a rumfa, ka ce da su kafin a yanke hukunci a amsa tambayoyin da Sardauna ya yi wa kansa a 1953: in mun fita, ta ina kayanmu za su bi, wa zai saya, kuma da me za a biya malamin makaranta da na asibiti? Ƙasar da ke da ƙofarta da kasuwarta tana iya fita ta tsira. Wadda ƙofarta ke gidan maƙwabci, in ta fita sai ta koma roƙon abin da a da haƙƙinta ne. Zama kuma ba ya nufin a yi shiru a kan cuta. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. A 1953 an saɓa, aka zauna aka sake sharuɗɗa, aka ci riba. A 1966 aka tsinke sharuɗɗan da bakin bindiga, aka mayar da martani a kan maƙwabci, kowa ya yi kuka. Kuma a duk karon biyu, gawarwakin da aka kwasa a Fagge da Sabon Gari na 'yan dako ne da 'yan tireda da ƙananan ma'aikata.

Da fatan amsar ta gamsar da kai da abokan musunka. Masu sauraro, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a riƙa rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda domin kowa ya sami shiga. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.